Agusta, Watan 'Yan Kallo

Duk shekara, idan Agusta ya raba tsakiya marka ta kankama, sai mai gidan kallo ya fito da allonsa ya jingine a bakin titi, ya ɗauki alli ya jera wasannin Asabar da Lahadi. In ba shekarar gasar duniya ba ce, tun ƙarshen Mayu allon nan yake kife a lungu, janareto yana hutawa, majalisun samari sun rasa abin musu sai siyasa da tsadar masara. To yanzu Turawa sun gama hutun bazararsu. Gasar Firimiya ta Ingila ta dawo, La Liga ta Sifaniya ta dawo, makarantu suna dogon hutu, ruwa kuma ya hana yawo. Wanda bai tafi gidan bal ba yana ƙuryar ɗaki da waya a hannu, yana bin fim mai dogon zango ko fassarar Indiya. A ganina babu watan da matashi ke cin kallo kamar wannan, shi ya sa na ce bari mu zauna, ƙannena maza da mata, mu yi maganar kallo.

Ku kwantar da hankalinku, ban zo hana ku ba. Ni ma ɗan kallo ne, kuma ɗan Arsenal tun lokacin da Nwankwo Kanu ya koma can a 1999. Wanda ya zauna a wannan gida cikin shekaru ashirin da suka biyo bayan kofin 2004 ba sai an karanta masa babin haƙuri ba. Na san daɗin ihun da ake yi idan raga ta motsa, na san yadda abinci ke fita a ran mutum idan aka farke masa ci a minti na casa'in. Saboda haka maganar nan ta ɗan gida ce.

Abin da Agusta ke sayarwa shi ne buri. Teburi fes yake, kowa maki sifili, ƙungiyar da ta sha da ƙyar bara da wadda ta ɗauki kofi duk kafaɗa ɗaya. Kowane mai goyon baya ka tambaya, sai ya ce maka bana tasu ce. Wanda ya tashi a gidan noma ya san irin wannan wata. Gero ya yi shar, wanda ya leƙa gona sai ya ce bana an warke, alhali a lokacin ne rumbu ya fi zama wayam, kuma tsakanin koren ganye da damin da za a ɗaure akwai tsutsa, akwai tsuntsu, akwai ruwan da kan ɗauke ba sallama. Manomin kirki yana murna da kyan yabanya, amma ba ya cin bashi a kanta. Ƙungiya ashirin ce a Firimiya, kowace za ta buga wasa 38, jimilla wasa 380 daga nan zuwa Mayu. Ɗaya ce za ta ɗaga kofi, uku za su gangara ƙasa, sauran sai dai su ce Allah ya kai mu baɗi.

Ku tambayi yayyenku abin da ya faru ranar 28 ga Agusta, 2011. Manchester United ta yi wa Arsenal ruwan ƙwallaye, 8 da 2, a Old Trafford. Wasunmu sun yi kwanaki suna canza hanya don kada su bi ta gaban mai shayi. A ranar kowa ya gama yanke hukunci: United ta ɗauki kofi, Arsenal kuwa ta mutu, sai jana'iza. Da Mayu ya zo, Arsenal ta ƙare ta uku. United ɗin da ake ta kuranta ta rasa kofin a ranar ƙarshe, cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara, lokacin da Sergio Aguero ya ci wa Manchester City ƙwallo a ragar QPR. Makinsu ɗaya da City, bambancin ƙwallaye ne ya raba gardama. Wasa farin girki, in ji Hausawa.

Haka kasuwar saye da sayar da 'yan wasa, wadda ke cin wuta har ƙarshen wata. Za ka ga yaro bai san nawa ake sayar da kwanon shinkafar da ake dafa masa ba, amma ya san albashin ɗan bayan Chelsea na mako. A Agustan 2017 PSG ta Faransa ta zube Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba, don kawai ta ci kofin Zakarun Turai. A Agustan 2021 ta ƙara da Messi, wanda ya bar Barcelona yana sharar hawaye, ga kuma Mbappe. Aka ce wa zai iya da waɗannan? Kofin bai zo ba. Sai da dukan ukun suka watse, sannan a 2025 wasu samari da ba su kai su suna ba suka lallasa Inter Milan 5 da nema suka kawo shi gida. Ban taɓa ganin an buga wasa a kan takardar sunaye ba.

To a nan ne ƙwallo ta bambanta da fim, kuma wannan bambanci shi ne gundarin abin da nake so ku riƙe. Fim an riga an rubuta ƙarshensa kafin a kunna kyamara. Duk wuyar da jarumi zai sha, kana zaune kana cin gyaɗarka, ka san bos zai faɗi. Ƙwallo kuwa babu marubuci, babu darakta, ko koci da kansa yana tsaye a gefen fili ne yana cizon yatsa kamar kowa. Kowanne da daɗinsa. Ɓarnar tana farawa ne idan matashi ya cakuɗa su: ya ɗauki rayuwarsa kamar fim, yana jiran nasara ta zo cikin awa biyu da rabi, sannan ya ɗauki ƙwallo ita ma kamar fim, yana ganin zai iya sanin ƙarshenta har ya sa kuɗi a kai.

Bari mu fara da na farkon. Masu shirya fim suna da wata dabara da suke yi wa wahala. Idan aka zo inda jarumi zai koyi dambe ko kokawa ko karatu, sai a saki waƙa. Ya yi gudu da asuba, ya faɗi, ya tashi, gumi ya zuba, kafin a kai amshi na uku ya zama ƙato. Shekara goma ta shige cikin minti huɗu. Ba laifinsu ba ne, wa zai biya kuɗi ya kalli mutum yana maimaita abu ɗaya kullum safiya har shekara goma? Amma abin da aka dunƙule cikin waƙar nan shi ne ainihin labarin, sauran duk ado ne.

Ku ɗauki Dangal, fim ɗin Aamir Khan na 2016, wanda da yawanku kun gani da fassarar Hausa. Labarin gaskiya ne a asali: Mahavir Singh Phogat, wani tsohon ɗan kokawa a jihar Haryana, ya horar da 'ya'yansa mata, Geeta da Babita, duk da surutun mutanen gari, har Geeta ta ci zinare a gasar Commonwealth da aka yi a Delhi a 2010. Amma inda aka nuna mugun koci ya sa an kulle uban a ɗaki ranar wasan ƙarshe, ƙari ne na masu fim, don zuciyar ɗan kallo ta buga. A zahiri ma Geeta ba ta sha wata wahala a wasan ƙarshen ba. Wahalar ta riga ta sha ta a shekarun da ba wanda ke kallo. Ni fim ɗin wasanni da na fi girmamawa shi ne Rocky na farko, na 1976, wanda Sylvester Stallone ya rubuta da kansa yana cikin talauci. A ƙarshensa jarumin bai ci damben ba, alƙalai Apollo Creed suka ba. Abin da ya samu shi ne ya kai turmi na goma sha biyar yana tsaye da ƙafarsa. Da wuya furodusa ya yarda a ƙare masa fim haka, kuma duk da haka shi ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a shekararsa.

Namu na gida ma ba su tsira ba. Sau nawa muka ga yaro talaka yana tura baro, sai 'yar attajiri ta faɗa son sa, ko a gano ashe shi ne magajin dukiyar da aka sauya tun yana jariri? A ji daɗi a wuce, ba komai. Amma na sha ganin saurayin da ya ƙi zama a shagon ɗinki ko garejin da aka kai shi, wai shi yana ji a jikinsa babban mutum zai zama, yana jiran wani Alhaji ya tsaya da mota ya kira shi. Haka budurwar da ta auna gidan aurenta da falon da ta gani a fim. Ƙanwata, falon nan aro aka yi, ana gama ɗauka masu gida suka karɓi makullinsu.

In kuna son labarin da ya fi fim, filin wasa na da shi, kuma a irin wannan lokaci na shekara ya faru. Ranar 31 ga Yuli, 1996, a gasar Olamfik ta Atlanta, Brazil mai su Ronaldo da Bebeto da Roberto Carlos tana cin Najeriya 3 da 1, saura minti goma sha biyu a tashi. Victor Ikpeba ya rage ɗaya, Kanu ya farke ana dab da hura usur, aka shiga ƙarin lokaci ya sake zura wadda ta kashe wasan. Ranar 3 ga Agusta aka doke Ajantina 3 da 2 aka ɗauki zinare. Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, waɗanda suka ci biyun farko a wasan ƙarshen, haifaffun Kaduna ne, haka Tijjani Babangida da Garba Lawal. Da marubuci ne ya kawo wannan labari da an ce ya cika shi da gishiri. To ga abin da fim zai tsallake. Makonni kaɗan bayan haka, likitocin Inter Milan suka gano Kanu na da ciwo a zuciya. Aka yi masa aiki a Amurka a ƙarshen shekarar, ya yi watanni yana jinya, mutane da dama sun ɗauka ya gama ƙwallo ke nan. A hankali ya dawo, ya je Arsenal, yana cikin waɗanda suka gama kakar 2003 zuwa 2004 ba a doke su ko sau ɗaya a Firimiya ba. Ya kuma kafa gidauniyar da ke ɗaukar nauyin aikin zuciya ga yara marasa galihu. Watannin jinyar nan babu wanda ya sa musu kiɗa.

Ahmed Musa, kafin duniya ta gan shi yana cin Ajantina biyu a 2014 da Iceland biyu a 2018, sai da ya bi motar Kano Pillars gari-gari a kan hanyoyin da kuka sani, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010. Victor Osimhen ya yi tallar ruwan leda a titunan Legas. Jamie Vardy yana aiki a masana'anta yana buga ƙananan ƙungiyoyi, sai da ya shekara 25 Leicester ta saye shi. Kuma kada waɗannan sunaye su ruɗe ku ta wata fuskar: a bayan kowane ɗaya akwai dubbai da suka yi irin wannan gumi, gwiwa ta tashi ko dillali ya cinye kuɗin gonar ubansu ya yasar da su a wata ƙasa. Wanda ke da baiwar ƙwallo ya buga, amma ya riƙe karatu ko sana'a da ɗaya hannun. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai kai ka gwaji Turai, ka gaya wa manya kafin ka amsa masa.

Akwai kuma wani irin kallo da nake so ku koya, kallon almajirin sana'a. Kannywood ɗin nan da kuke gani 'yan kallo ne suka gina ta. Iyayenku da kakanninku sun cika gidajen silima na Kano irin su Rex da Palace da Plaza da Orion suna kallon Indiya, ba sa jin yaren amma suna haddace waƙa. Daga cikin masu irin wannan kallo ne wasu suka ce mu ma fa za mu iya. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990 da kyamarar bidiyo, su Ibrahim Mandawari suna ciki. Cikin kimanin shekara goma an yi Sangaya da Wasila, Ali Nuhu ya zama sunan da kowane gida ya sani, mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna a 1999, tun kafin a fara kiran ta kudu Nollywood. An zarge su da kwaikwayon Indiya, kuma zargin yana da tushe, ni ma har yau rawar cikin lambu ba ta kwanta min ba. Amma dubban mutane sun ci abinci, daga mai riƙe fitila har mai sayar da kaset a kasuwar Ƙofar Wambai. Yau da aka koma YouTube da Arewa24, su Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa, ƙofar ta fi da faɗi.

Saboda haka idan kana kallo, tambayi kanka. Me ya sa aka yanke a nan aka ce sai mako mai zuwa? Ina aka ajiye kyamara har fuskar ta fito haka? Wa ya rubuta maganar da ta sa ka hawaye? Ka tsaya ka karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshe, kowane suna sana'a ce. Sholay, wanda ya fito ranar 15 ga Agusta, 1975, Ramesh Sippy ya shafe fiye da shekara biyu yana ɗaukar sa. Makonnin farko masu sharhi suka ce ya faɗi, sai ga shi ya yi shekara biyar ana nuna shi a silima ɗaya a Bombay. A ciki ma Amitabh Bachchan mutuwa ya yi, abin da har yau wasu dattawa ba su yafe wa daraktan ba. Ka kalle shi sau ɗaya don daɗi, ka sake kallo don ka ga yadda aka gina tsoron Gabbar Singh, bos ɗin fim ɗin, tun kafin ya bayyana. Ƙwallo ma haka. Mafi yawan 'yan kallo bal kawai suke bi da ido. Gwada minti goma kana bin ɗan tsakiya guda, ka ga inda yake tsayawa lokacin da bal ba ta wurinsa. Daga irin wannan kallo ake samun koci da alƙalin wasa da mai sharhi a rediyo, kuma gidajen rediyonmu na neman masu iya bayanin wasa da Hausa mai daɗi.

Maganar lokaci ba zan ja ta ba, don kun san ta. A Agusta agogon Ingila da namu ɗaya ne. Wasan ƙarfe uku ana zuwa hutun rabin lokaci wajen huɗu saura kwata, ga La'asar nan, babu uzuri. Na biyar da rabi shi ne mai gwada mutum, don Magariba tana faɗowa ne a cikin zagaye na biyu. Ka tashi. Ƙwallon da aka ci kana masallaci za ka gan ta sau goma a waya kafin ka kwanta. A ƙarshen Oktoba kuma Turawa za su mayar da agogonsu baya da awa ɗaya, wasan Zakarun Turai na ƙarfe takwas ya koma tara, a tashi wajen sha ɗaya, ga makaranta da safe. Ku kuma 'yan mata masu cewa saura kashi ɗaya in kwanta, da gangan aka yanke shi a inda aka yanke, don kada ku kwanta. Wanda ya kalli wasa huɗu ranar Asabar, huɗu ranar Lahadi, ya ba da kusan awa goma sha shida. Ƙungiyarka wasa ɗaya take bugawa a ƙarshen mako. Sauran bakwai ɗin na wa ne?

Sai adawa. Tsokana gishirin kallo ce, ban ƙi a yi wa ɗan United ba'a har ya rasa bakin magana ba. Amma an sha zare wuƙa a gidan kallo a kan Real Madrid da Barcelona, an ɓata zumuncin shekaru a kan Messi da Ronaldo, mutanen da in suka haɗu hannu suke ba juna, kuma ba su san akwai unguwarku a duniya ba. Muna cewa mun ci, mun sayi ɗan wasa, kamar da kuɗinmu a ciki. A faɗa a yi dariya, amma a san iyakarta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mun kai wannan zafin kai filayenmu na gida. Kano Pillars, Sai Masu Gida, ta ɗauki gasar Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, filin Sani Abacha na Ƙofar Mata yana cika maƙil yadda ba kowane fili a ƙasar ke cika ba. Amma sau nawa aka ci ta tara, aka kore ta daga gida, saboda jifa da dukan alƙalin wasa da wasu magoya baya ke yi? A 2022 har ta faɗa ƙaramar gasa kafin ta dawo. Mai jifan alƙali ba masoyin ƙungiya ba ne, shi ne babban abokin gabarta.

Duk da haka ina roƙon ku ku je filin. Wanda bai taɓa zama a cikin 'yan kallon Pillars ko Katsina United ko Wikki ko El-Kanemi ba, bai san wani ɗanɗano na ƙwallo ba, komai girman talabijin ɗin gidan kallonsu. Kuma in an kawar da amfanin gona, ga dambe, wanda Ɗan Anace ya yi wa su Shago waƙa a kansa tun kafin a haife ku, yau har ƙasashen waje ana kallon sa a intanet. A Nijar ga kokawar takobi da ake yi tun 1975, jihohi takwas su kawo zaratansu, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya cak, yara su haddace sunan Issaka Issaka na Dosso kamar yadda kuka haddace na Haaland. Ɗan Nijar Abdoul Razak Alfaga a Agustan 2016 ya ci azurfa a wasan taekwondo a Olamfik ta Rio, lambar farko da ƙasar ta samu tun tagullar da Issaka Dabore ya ci a damben zamani a 1972. Ku ma ku motsa jiki. Saurayi ɗan shekara ashirin da ya san tsarin wasan Guardiola amma ba ya iya zagaya fili sau biyu, abin tausayi ne.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, wato caca. A da sai mutum ya saci jiki ya shiga shago yana waige-waige. Hukumar Hisba ta rufe irin waɗannan shaguna a Kano, amma yanzu shagon yana cikin aljihunka, a wayar da kake karanta Alƙur'ani da ita. An canza mata suna, ana cewa bet, ana cewa ai ilimin ƙwallo ne ba sa'a ba. Hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne, Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a aya guda, kuma malamanku sun fi ni iya bayani. Ni lissafi kawai zan yi muku.

A ce kai gwani ne na gaske, cikin kowane wasa goma kana cankar bakwai daidai, abin da ko masu sharhin talabijin ba sa iya dawwama a kai. In ka jera wasa goma a takarda ɗaya, damar duka goman su zo maka ba ta kai uku cikin ɗari ba. In kuwa kowane wasa rabi da rabi ne, damarka ɗaya ce cikin 1,024. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne a majalisa: wallahi wasa ɗaya ne ya ɓata min takarda. Ba tsautsayi ba ne, haka aka gina abin, kuma wannan saura ƙiris ɗin shi ne ƙugiyar da ke dawo da kai gobe. Sannan ko a wasa guda, inda adalci ya ce a ninka maka kuɗinka biyu cif, kamfani sai ya ɗan rage. Wannan ɗan ragin, a kan miliyoyin mutane, shi ne kuɗin da yake sa sunansa a rigunan 'yan wasa da shi. Ba daga aljihunsa yake biyan wanda ya ci ba, daga naku ne.

Masu ilimin ƙwallon ina suke a Agustan 2015, lokacin da kamfanonin caca na Ingila da kansu suka ce damar Leicester ta ɗauki kofi ɗaya ce cikin 5,000, ta kuma ɗauka? Ina suke ranar da Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1 a Qatar a 2022, Ajantinar kuma ta wuce ta ci kofin duniya? Rashin sanin ƙarshe shi ne daɗin ƙwallo gaba ɗaya, mai caca kuwa ya mayar da wannan daɗi azaba. Ku lura da shi a gidan kallo. Ba ya ihu tare da kowa, idonsa na kan waya, ƙungiyarsa ta ci yana tsaki don ya sa ba za a wuce ƙwallo biyu ba. An raba shi da kuɗinsa, an kuma raba shi da wasan da yake so. Kada ku ce talauci ne kawai ke jawo ta. Sandro Tonali na Newcastle, mai ɗaukar albashin da ba za mu iya ƙirgawa ba, an dakatar da shi wata goma a 2023, ya amsa da bakinsa cewa cacar ta zame masa ciwo. Ivan Toney wata takwas aka ba shi a shekarar. Ƙungiyoyin Firimiya da kansu sun amince a 2023 za su cire tallar caca daga gaban rigunansu. In masu cin ribar abin sun fara jin kunyarsa, kai da ake ci da kai me kake jira?

Na san yadda take farawa: naira ɗari, don wasa ya ƙara armashi. Daga nan kuɗin data, kuɗin makaranta, cinikin shagon maigida da niyyar a mayar ranar Litinin, sai wayar ƙanwa ta ɓata a cikin gida. Wanda bai fara ba, kada ya gwada ko da kyautar da suke bayarwa ta shiga ce. Wanda kuma ya riga ya faɗa, ƙanena, ban ce kai lalatacce ba ne, manya da yawa sun faɗa sun fita. Ka goge manhajar a daren nan, ka fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram masu raba lambobin wasa, ka sami babba guda da ka yarda da shi, uba ko yaya ko malami, ka gaya masa gaskiyar nawa ake bin ka. Kada ka ce sai ka rama a wasan Asabar.